Allurar zafi ta tsaya a 90

Alhamdu lillahi 'yan'uwa, jiya na je Zariya na dawo Kano, allurar zafin inji ba ta gusa daga 90 ba, wato inda ya kamata ta tsaya. Wata uku ke nan rabona da ganin haka a Golf 4 GTI ɗina, ƙirar 2001 mai injin 1.8T.

Abin da ya ɗaure mini kai tun farko shi ne a cikin gari lafiya lau take, ko da na maƙale a gosulo da rana tsaka. Amma da zarar na wuce Kura na ɗan taka totur, sai allura ta fara hawa. Ku kun sani, motar da fankarta ta mutu a tsaye take tafasa, in ta samu iska ta huce. Tawa akasin haka take yi.

An wanke lagireto, ba ta daina ba. Aka ce in sauya shi, na saya sabo, naira dubu 85, kuma har yau kuɗin nan na yi mini ciwo, don tsohon ba abin da ya same shi. Wani ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye, na ƙi. Wani ya rantse gaskit ne, a sauke kan inji. To ba farin hayaƙi, baƙin mai bai koma kamar madara ba, ruwa kuma ba ya raguwa. Ranar nan sai da raina ya ɓaci sosai, har na fara tunanin sa ta a kasuwa.

Ƙaramin tiyon nan da ke mayar da ruwa saman tulun roba da ake zuba ruwan sanyaya inji a ciki, shi ya tona asiri. Da sassafe, inji da sanyinsa, na buɗe murfin tulun, ƙanina ya taka totur. Maimakon ruwa ya riƙa tsartuwa, ɗiga kawai yake yi. Muka kwance tamostat da ke bayan altaneta, na zura yatsa ta ramin har na taɓo farfelar famfon ruwa. Inji a kashe, amma ta juya a yatsana! Ai bai kamata ta motsa ba, tunda bel ɗin taimin ne ke riƙe da famfon. Ashe farfelar ta roba ce, ta tsage a kan sandarta. A silo tana ɗan kamawa ta tura ruwa, in gudu ya ƙaru sai sandar ta yi ta juyawa ita kaɗai.

Na samo mai farfelar ƙarfe a Ƙofar Ruwa. Tunda sai an sauke bel kafin a kai ga famfon, na haɗa da sabon bel da tenshina, domin injin nan bawul 20 gare shi, in bel ya tsinke fistin zai lanƙwasa su. Na sa tamostat mai buɗewa a 87, na zuba ruwan sanyaya inji na G12 ɗin nan mai launin ruwan hoda. Don Allah kada ku gauraya shi da koren.

Kuɗin da zan yi wa motar fenti duk ya tafi a nan, sai wani watan in Allah Ya kai mu. Yau da safe kuma gilashin ƙofar direba ya zurma ciki, ina zaton maƙalan robar da ke riƙe da shi ne suka karye. Wanda ya taɓa kwance ƙofar Golf 4 da hannunsa, ya gaya mini ta ina ya fara.