Allurar ta daina rawa, bayan mako biyar

Abin nema ya samu, ƴan'uwa. Jiya da la'asar muka tada injin jirgin saman, aka kai shi juyi 2000 a minti, aka kunna fitilar sauka da famfon mai da rediyo duka a lokaci guda, allurar caji ta hau ta tsaya wuri ɗaya kamar an kafa ta da ƙusa. Mitata ta nuna volt 14.1, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na yi tsaye bayan fiffike ina dariya ni kaɗai, iskar farfela na cika mini baki da ƙura, ban ma damu ba.

Ga waɗanda ba su bi labarin daga farko ba, jirgin Piper Cherokee ne na shekarun 1970, mai kujera huɗu, injin Lycoming O-360, wutarsa volt 14, altarnatar, wato dinamon da ke cajin batir, mai amper 60 da kuruwa (bel) ke juyawa. Ni kuwa shekara tara na yi ina gyaran wutar mota a nan Yamai kafin in fara koyon aikin jirgi ƙarƙashin maigidana, wanda shi ke da lasisi, shi ke sa hannu a littafin jirgin. Shekara taran nan su suka fi ba ni wahala a wannan aiki, za ku ga yadda aka yi.

Matuƙin ya dawo daga Tahoua wata Asabar, ya ce allurar caji tana rawa tun daga rabin hanya, sau biyu kuma ta faɗi sifili, sai da ya kashe ɓangaren ALT, wato na altarnatar, na babban makunni ya sake kunnawa kafin ta dawo. Kun san dai injin bai damu ba, manyeto, na'urar da ke samar wa fulogi wuta da kanta, ke ba shi wuta, amma mutum ya tunkaro filin jirgin Diori Hamani na nan Yamai batir na mutuwa, rediyo na shirin ɗaukewa, ba abin so ba ne. Ku tuna kuma allurar Cherokee abin da altarnatar ke fitarwa take nunawa. Ba ta komawa baya ta gaya maka batir na zuba, sifili kawai za ka gani.

Na buɗe kapo da ƙarfin gwiwata. Kuruwa ta tsufa, gefenta ya yi sheƙi, na ce shi ke nan, santsi take yi. Aka sa makullin awo a kan goron fulin, kuruwar ta zame tun ba a kai fam-ƙafa 7 na ƙarfin murɗawa ba, alhali tsohuwar kuruwa mai faɗin inci 3/8 ana son ta riƙe tsakanin 7 da 9, sabuwa 11 zuwa 13. A wannan injin kuwa sai an sauke farfela kafin kuruwa ta fita. Yini guda ya tafi, wayar kulle ta tsaga mini babban yatsa, aka mayar da komai. Muka gwada da safe, lafiya lau. Kwana biyu bayan haka ya tashi da azahar, minti ashirin ya juyo. Rawa ta dawo.

Sai na sauke altarnatar ɗin kanta. Gawayinta da sauran tsawo, zobban da yake gogawa sun yi ɗan baƙi na share, nadin wayar da ke cikinta ya ba ni kusan om 4 kamar yadda ya kamata, na juya fuli a hankali awon bai yi tsalle ba. Diyod shida, waɗanda aikinsu barin wuta ta bi fuska ɗaya kawai, duk suna yin haka. Ba laifinta. Wayar mas ta injin, wadda ke haɗa shi da gangar jikin jirgi, ma na kwance na goge na ɗaure.

A nan ne na yi abin da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Na ɗora laifin a kan regilatar, na'urar da ke daidaita yawan wutar da altarnatar ke fitarwa, na je na sami maigida na ce, "Baba, regilatar ce. Na sha ganin irin wannan a mota, wallahi ita ce." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ka auna ko ka gani a mafarki?" Na ce na auna duk wayoyin da ke zuwa gare ta, kowace ta yi ƙara a mita, hanya a buɗe take. Ya yi shiru, ya ce to. Masu jirgin suka fitar da jika 165 na sefa har da kuɗin kawowa, don kayan jirgi ba a shiga kasuwar Katako a ɗauko shi, sai da takardar shaidarsa. Mako uku muna jira, jirgi na zaune, masu koyon tuƙi na zuwa suna leƙa hangar suna tambaya ta ko an gama. Ta iso ranar Laraba, na ɗaura da hannuna ina ta rawar kai. Muka jawo jirgin waje da rana tsaka, aka tada. Minti goma allura tana nan daram. A na sha ɗaya ta fara kaɗa kai, sannu sannu, sai ta koma rawa sosai, fitilun allo na ƙiftawa tare da ita. Ban iya cin abincin dare ba ranar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne safe da rana. Me ya sa da sanyin safiya a cikin inuwar hangar komai daidai, amma in jirgi ya sha ranar Afrilu a waje, cikinsa ya zama tanda, sai ciwon ya tashi? Na zauna na zana hanyar wutar da ke ciyar da nadin altarnatar a bayan kwalin shayi. Daga sandar rabon wuta ta shiga disjonktar mai amper 5, wadda ke katse wuta in jan ya yi yawa, ta wuce ɓangaren ALT na babban makunni, ta bi ta na'urar da ke yanke wuta in ta haura kima, ta shiga regilatar, daga nan ta tafi nadin. Ina cikin zanen na ga abin da na daɗe ina kallo ban gani ba. Waya ɗaya ce. Ta ita regilatar ke jawo wutar da take ba nadin, ta ita ɗin kuma take sauraron ko volt nawa ne a jirgin. Ba ta da wani kunne daban.

To ku lissafa tare da ni. Nadi mai om 4 a kan volt 12 yana jan kusan amper 3. In akwai wata ƴar tsatsa a hanya wadda ba ta wuce sulusin om ba, volt ɗaya cur ya ɓace kafin a kai ga regilatar. Ita kuma sai ta ɗauka wutar jirgi ta yi ƙasa, ta ƙara buɗe wa nadin, jan ya ƙaru, asarar ta ƙaru, altarnatar ta tura fiye da yadda ake so. Da wutar ta hau sai ta rage, asarar ta ragu, ta ga wuta ta yi yawa, ta sake ragewa, sannan ta koma daga farko. Rawar ke nan. In kuma girgizar injin ta sa wurin ya haɗu da kyau farat ɗaya alhali wuta tana sama, na'urar tsaro ta ga abin ya zarce volt 16, sai ta yanke gaba ɗaya. Sifilin da matuƙin ya gani ke nan. Regilatar ta farko gaskiya take aiki a kan ƙaryar da ake gaya mata.

Mitar da na dogara da ita kuwa? Ƙarar da take yi ba ta nufin komai sai cewa hanya ba ta yanke ba. Wutar da take turawa don awo ko kusa ba ta kai abin da nadin ke ja ba, wayoyinta kansu suna cin om 0.2. Sulusin om ya ɓuya a cikin wannan cikin sauƙi. A mota na sha tsira da wannan awon saboda yawanci regilatar tana cikin dinamo, hanyar gajeriya ce, babu makunnai jere a tsakani. Na ɗauko al'adar gareji na kawo inda ba ta ci.

Abin daɗin, ba sai an tada injin ba. In ka kunna BAT, ɓangaren batir, da ALT injin na kashe, regilatar na ganin volt 12 da ɗoriya, sai ta buɗe wa nadin gaba ɗaya, amper ukun nan suna gudana, kai kuma ba ka kusa da farfela mai juyawa. Kada dai ka daɗe, nadin na ɗumama, batir na raguwa. Muka bar jirgin a rana har ƙarfe biyu da gangan. Na cire kujerar gaba, na kwanta rigingine, kaina ƙarƙashin allo kusa da fedal, ƙafafuna a sama, tocila a baki, gumi na shiga idona. Na sa mita a kan volt, tsinke ɗaya a kowane gefe na disjonktar: 0.08. Lafiya. Na koma kan ƙafafu biyu na makunnin ALT: 0.4. Na ce wa maigida, "Baba, ɗan taɓa makunnin da yatsa, kada ka kashe." Ya ɗora yatsa ya ɗan girgiza. Lambobi suka haukace, 0.3, 1.1, 0.6, 1.2. Na yi ihu har tocilar ta faɗo mini a goshi.

Ya leƙo ya ga mitar, ya ce, "Yanzu ka auna." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan jika 165 ba, shirun nan kuwa ya fi mini zagi ciwo. Daga baya na tambaye shi ko ya san ba regilatar ba ce tun farko. Ya ce ya yi zato, amma shi ma bai auna ba, kuma waccan ta tsufa, ajiye wata a kabad ba asara ba ce. Ban sani ba ko lallashi na yake yi.

Na so in fesa maganin wanke makunni in wuce, har na ce akwai mai kama da shi a kasuwa jika biyu. Ya ce in na ƙara faɗa zai kore ni daga hangar. Aka yi odar na asali, jika 48, kwana goma sha biyu. Da ya zo na sauya shi tare da bakunan wayoyin biyu da suka saki, suka canza launi don zafi. Asarar da ke kan makunnin yanzu 0.04 ce, daga sandar rabon wuta har bakin regilatar kuma duka duka 0.2, kuma da rana tsaka na auna, ba da safe ba.

Tsohon makunnin na roƙa aka bar mini. Da dare na ɓare shi da bakin sukurdireba a kan tabarma. Ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da tsohon maiƙo ta zama kamar kwalli, ƙarfen da ke danna haɗin ya yi laushi, a kan haɗin kuma ga wani ɗigon ƙuna bai fi ƙwayar gero ba. Shi ne ya zaunar da jirgi mako biyar. Yana cikin akwatin kayan aikina yanzu, duk mai son gani ya zo hangar ranar Asabar.

Sauran abu ɗaya. Da aka kunna rediyo jiya na ji wani siririn kuka a kunne, yana hawa in an ƙara juyi, yana sauka in an rage. Kaɗan ne ƙwarai, matuƙin ya ce ya daɗe yana jin sa. Diyod sun wuce awon sanyi, amma yanzu ban yarda da awon sanyi ba. Ranar Litinin zan sa mita a kan wutar AC a bakin altarnatar injin na aiki da kaya a kansa, in duba matacin ƙara da ke kan wayar fita shi ma. Ba na kiran sunan kowa tukuna.