Mota takwas a kan kanta, babu wadda za ta tashi

Ka shiga ɗakin wanda ya daɗe a harkar motar rimot, wato ƙaramar motar wasa da ake tuƙawa daga nesa da rimot, a Katsina, ka ɗaga kai ka dubi kanta. Za ka ga motoci a jere, wata mai manyan tayoyi, wata 'yar tsere mai ƙasa da ciki, wata ko daga kwali ba a fitar da ita ba. Sai ka tambaye shi wacce za a ɗauka yanzu a tafi fili da ita bayan la'asar. A nan magana ke canzawa. Wannan servo ɗinta, wato na'urar da ke juya sitiyari, ya ƙone, waccan haƙoran giya sun cinye, ta ukun batirinta ya kumbura, ta huɗun an cire mata ESC, na'urar da ke daidaita gudun injin, an sa wa ta biyar, ta biyar kuma hannun tayarta ya karye ana jiran kaya daga Sin. Amma a wayarsa akwai mota ta tara a kwandon saye, yana jiran albashi ya faɗo.

Mu da muke cikin harkar mun san wannan hali sarai, kuma yana damunmu, domin yana cin kuɗin mutane masu iyali, yana kuma kashe wasan kansa. Wanda ya fi kowa yawan mota sau da yawa shi ne ba a gani a fili.

Likitoci sun daɗe da sanin ciwon saye-saye. Tun 1915 wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Emil Kraepelin, ya yi bayaninsa. Abin da ke faruwa shi ne daɗin yana cikin jira da ɗoki: kallon bidiyo a YouTube da TikTok, kwatanta wannan da waccan, danna saye, bin sawun kaya kullum a waya. Ranar da kwali ya iso aka yanke salatif, ɗokin ya fara sauka. Bayan mako guda zuciya ta koma neman wani jiran. Wasan motar rimot kuwa ya dace da wannan rauni ta hanyar da ba kowane wasa ba, saboda mota tana karyewa da gaske, kuma kowace karaya tana ba mutum hujjar sayen sabon abu. Yana gaya wa kansa gyara yake yi.

Bari mu tsaya a kan wannan, don nan ne kuɗi ke zurarewa. Ɗauki hannun taya, ƙarfen nan ko robar da ke haɗa taya da gangar mota. A motoci masu girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, na roba ake yin sa, kuma da gangan ne. Idan mota ta daki dutse ko bakin kwalbati, robar tana lanƙwasawa ta dawo, in ƙarfin ya yi yawa ta karye, sai ka canza ta da abu mafi araha a jikin motar. Mai ciwon saye sai ya ce ba zai ƙara yarda ba, ya yi odar hannun alminiyam mai launin shuɗi ko ja mai ɗaukar ido. Alminiyam ba ya karyewa da sauƙi, yana lanƙwashewa ya zauna a haka, kuma bugun da da robar ke shanyewa yanzu yana wucewa kai tsaye zuwa gidan giya da gangar mota. Sai gidan giya ya tsage. Sai a sayi na alminiyam shi ma. Mota ta yi nauyi, injin ya fara zafi, a ce injin ne bai da ƙarfi, a sayi brushless, wani irin inji da ya fi na asali ƙarfi da gudu. Brushless ya zo da gudun da giyoyin ciki ba su saba da shi ba, ya cinye su cikin fita biyu ko uku. Kafin mutum ya ankara ya kashe kuɗin mota biyu a kan mota ɗaya, kuma ta fi yadda take a da saurin lalacewa. Daga nan sai ya yanke cewa motar ce ba ta da kyau, ya sayi wata.

Mafi yawan abin da ke tsayar da mota a ƙasarmu ba ya buƙatar sabuwar mota ko kaɗan. Ƙura ce da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Cire taya ka zaro boris ka juya shi da yatsa: idan ka ji yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi a ciki, to yashin ne. Boris mai girman milimita 5x11x4 shi ne ya fi yawa a motocin kamfanonin Tamiya da Traxxas na 1/10, kuma guda goma ba su kai kuɗin taya ɗaya mai kyau ba. Ka nemi mai murfin roba, ya fi mai murfin ƙarfe tare ƙura. Kada ka cika giris a giyar da ke waje, domin giris da ƙura idan suka haɗu sun zama kamar sanfefa.

Sai saitin giya, wanda shi ke cin babbar giyar roba fiye da komai. Ƙaramar giyar da ke kan sandar injin da babbar da take juyawa dole su haɗu daidai. Ka sassauta sukurori biyun da ke riƙe injin, ka yanki siririyar takarda ta littafin rubutu ka sa tsakanin haƙoran, ka matsa injin har ya danne takardar, ka ɗaure, sannan ka juya giyar takardar ta fito. Ya kamata ka ga ta yi zane kamar ninkin fanka ba tare da ta yage ba, kuma idan ka riƙe ƙaramar giya ka girgiza babbar ka ji ɗan motsi kaɗan. In ya matse da yawa injin zai yi zafi ya yi kuka, in ya yi sako-sako haƙora za su goge. Aikin minti biyar ne. Kuma kafin ka sayi giya ka duba girman haƙorinta, don 48P ba ta shiga da 32P, haka ramin sanda na milimita 3.175 ba ya shiga sandar milimita 5. Akwatunan masu saye-saye cike suke da giyoyin da aka saya ba a duba wannan ba.

Zafi kuwa, a watannin Maris zuwa Mayu da Katsina da Daura ke haura digiri 40, injin yana fara aiki ne da zafinsa tun kafin ka ja makunnin rimot. Bayan minti biyar na gudu ka taɓa jikinsa. Idan ba ka iya barin yatsa daƙiƙa uku ba, ka tsaya ya huce, sannan ka rage haƙori ɗaya ko biyu a ƙaramar giya. Injin da ke wuce digiri 75 zuwa 80 a kai a kai maganaɗisunsa yana rauni, kuma ba ya dawowa.

Batir shi ne wurin da tara kaya ya fi yin ɓarna, har da haɗari. Batirin LiPo, irin wanda ake sa wa waɗannan motoci, yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Kowane ɗaki, wato kowane ƙaramin batir da ke cikinsa, bolt 3.7 ne a ƙa'ida, yana cika a 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba. Mai ɗaki biyu, 2S, shi ne 7.4, mai uku, 3S, 11.1. Idan za a ajiye shi fiye da kwana biyu ko uku sai a saukar da shi zuwa kusan 3.8 a kowane ɗaki, kuma caja ta gari tana da wannan saitin na ajiya. Yanzu ka lissafa mutum mai batir goma sha biyu. Saboda wuta ba ta tsayawa, ranar da aka kawo ta sai ya cika su duka don kada ya rasa. Ya fita da biyu, goman suka zauna a cike wata guda a ɗaki mai rufin kwano. Idan ka ɗauki ɗaya ka ɗora a kan tebur za ka ga yana lilo, cikinsa ya tashi kamar burodi, ledar jikinsa ta miƙe tana sheƙi. Wannan batir ya gama aiki, kuma yana iya kama wuta. Batir mai 5000mAh yana ba da minti 20 zuwa 30 gwargwadon tuƙi, yana kuma ɗaukar kusan awa guda ya cika a amfiya 5. Tsakanin la'asar da magariba batir biyu ko uku sun ishi kowa. Duk abin da ya haura haka ajiyar asara ce.

Wani abin da ke ƙara hura wutar shi ne tara kamfanoni daban-daban. Kowace mota da nata kayan. Wata tana amfani da kan batir na XT60, wata Deans, wata EC5, Traxxas kuma da nata kan na kanta. Mazaunin taya milimita 12 ne a yawancin 1/10, 17 a 1/8. Mutum mai mota shida daga kamfani shida yana buƙatar shagon kayan gyara shida, kuma kaya daga waje yana ɗaukar makonni kafin ya iso hannu. Cikin wannan jiran ne sabuwar mota ke shigowa, da sunan abin da za a riƙa wasa da shi kafin kaya su zo. Kamfanonin ma sun san hanyar zuciyar masu tarawa. Tamiya, wadda ta fara motar rimot a 1976, tana sake fito da tsofaffin motocinta na shekarun 1980 irin su Grasshopper da Hornet, wasu kamfanonin kuma su sauya launin murfi kawai su ce adadi kaɗan aka yi. Sai ka ga mutum ya sayi gangar da yake da irinta biyu a gida. Tun da naira ta faɗi bayan sauyin canji na 2023, kowane irin wannan danni yana cin rabon buhun masara ko kuɗin makarantar yaro.

Ta yaya mutum zai gane ya ƙetare iyaka? Yawan mota kaɗai ba ya nunawa, akwai mai hali da ke da goma duk suna tashi, bai ci bashin kowa ba. Alamar tana cikin ɓoyo. Idan kana sa a kai kaya shagon aboki don kada uwargida ta gani, ko ka faɗa mata rabin kuɗin, ko ka ɗauki adashin da aka shirya don haya ka yi oda, ko ka ci bashin manhajar waya mai ruwa, ko kwali ya iso ka ji kunya maimakon murna, to ɗan'uwa ka tsaya ka dubi kanka. Haka idan ka lura ba ka saye sai ranar da ranka ya ɓaci ko barci ya ƙi zuwa. Wannan ya wuce son mota. In damuwa ko baƙin ciki mai nauyi ke tafe da shi, ganin likita ba abin kunya ba ne, kuma faɗa wa babban yaya ko amini gaskiyar adadin kuɗin yana rage nauyin fiye da yadda ake zato.

Abin da muka ga yana aiki shi ne a fara da takarda da biro. Sauko da motocin duka ƙasa, ka rubuta kowacce: me ya hana ta tashi, nawa ne gyaran, yaushe rabon da ta taɓa ƙasa. Mutane da yawa a nan suke gano cewa kuɗin da zai tayar da mota huɗu bai kai rabin wadda ke kwandon saye ba. Sannan ka zaɓi ɗaya, ko biyu masu ganga iri ɗaya da za su riƙa aron kaya a tsakaninsu. Ka tanadar musu hannayen taya na roba gaba da baya, babbar giya biyu, boris saiti guda, servo ɗaya na ajiya, filolin murfi, man shoka na silikon mai kauri 30 zuwa 40, da alanki masu kyau na milimita 1.5, 2.0 da 2.5. Alankin banza da ke zuwa cikin kwali shi ke cinye kan sukuru, gara a sayi mai kyau sau ɗaya. Rimot ɗaya mai 2.4GHz da ke iya riƙe saitin motoci da yawa ya wadatar, sai a sa wa kowace mota ƙaramar na'urar karɓar saƙo.

Sai a toshe hanyar danni. Cire katin banki daga manhajar saye, kashe sanarwar rangwame, fita daga zaurukan WhatsApp da ba a komai a cikinsu sai talla. Duk abin da ka so, rubuta shi da kwanan wata ka bar shi kwana bakwai. Ware kuɗin wasa na wata a hannu, in ya ƙare ya ƙare. Kuma kada sabuwar mota ta shigo sai wata ta fita, ta fita da gaske, kuɗinta ya shigo hannu tukuna. Kyawun abin ma a samu abokan fita biyu ko uku da rana tsayayya a mako, a fili mai ƙasa mai tauri nesa da titi da yara ƙanana, domin wanda ke tuƙi kowane mako hankalinsa yana komawa kan kwana da birki da saitin shoka, lokacin kallon talla yana raguwa.

Wajen sayar da ragowar, a faɗi gaskiyar aibin kowacce. Ka gyara abin da ke gyaruwa da araha, ka ɗauki bidiyonta tana tafiya, ka sa farashi ƙasa da na sabuwa sosai, don motar hannu ba ta mayar da kuɗinta, kuma kayan alminiyam da aka ƙara ba sa ƙara mata daraja a idon wanda ya san harkar. Wadda ba ta samu mai saye ba a kwance ta a sayar da kayanta ɗaiɗai, sau da yawa ESC da injin sun fi gangar saurin tafiya.

Batir mai kumburi kam kada a sayar wa kowa, kada kuma a ba yaro. Fitar da shi daga ɗakin kwana yau, ka sa shi cikin tukunyar ƙasa ko bokitin ƙarfe mai yashi a inuwa, nesa da katifa da galan ɗin fetur ɗin janareta. Haɗa shi da ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a waje, a kan siminti, kana kusa, har ƙwan ya mutu, ka bar shi haɗe wasu awanni, ka auna da mita ka ga ya kai sifili. Kada ka huda shi, kada ka jefa shi a bola yana da caji, domin bolarmu ana cinna mata wuta, kuma yara masu tsince-tsince suna fasa duk abin da suka ga yana da waya a jiki. Bayan ya mutu ka naɗe kowace waya da salatif ka miƙa wa masu karɓar tsofaffin batura, ka gaya musu irin batirin da ne.