Masu son a yi musu aikin leza a cire gilashi, ku ɗan saurare ni

Ɗiyar yayana ce ta sa ni wannan dogon rubutun. Ta zo gida da waya a hannu tana nuna min bidiyo a Instagram, wata yarinya ta fito daga ɗakin aiki ta jefa gilashinta a kwandon shara ana mata tafi, a ƙasa an rubuta rangwamen ƙarshen shekara. Tace "Gwaggo ai kema kin yi, dan Allah ki taya ni yi wa Abba magana, so nake a yi kafin biki, bana son hotunan dina da gilas." Bikin nan cikin Disamba ne fa, tsakiyar hunturu. Shekararta 20, bara an canza mata gilashi, bana ma an ƙara mata lamba. Kuma tana maganar tana murza ido da bayan hannu, idon jawur, ga kontak mai kala a ciki, ɗan gilashin robar nan da ake manna wa ido. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don duk abin da na yi shi take shirin yi, har gaggawar iri ɗaya ce.

Ni tun firamare nake da gilashi. Lambata ta kai -6, in na cire bana gane fuskar mutum sai ya matso. Wanda bai taɓa rayuwa haka ba ba zai gane ba, ka buɗe tukunya tururi ya rufe maka gilas, ka zo alwala ka ajiye sai ka yi ta lalube, yara na ce maka ido huɗu, manya kuma in maganar aure ta taso sai ka ji ana raɗa wai ko ciwon na gado ne. Na koma kontak, shi kuma da ƙurar Kano kullum idona kamar an watsa yashi. Toh ina faɗin wannan ne don kar wani yace gayu ne kawai ya kai ni. Akwai gayun, ban musa ba, amma akwai gajiya ta shekara da shekaru.

Shekara goma da wani abu kenan, na raka Hajiyarmu Alƙahira ganin likitan gwiwa. Tafintan da ke kai mu asibiti ya ga yadda nake fama, yace ai nan aikin LASIK, wato na leza, kamar cire haƙori ne, yau a yi gobe ki gani tar, ya san wani wuri. Ban tambayi kowa ba, ban kira likitan da ya saba duba ni a gida ba, ko maigidana sai da na gama yanke shawara sannan na faɗa masa a waya.

A wajen gwaji likita ya tambaya yaushe na cire kontak. Nace sati biyu. Ƙarya ce, shekaranjiya ma yana idona. Ya tambaya ko idona na bushewa ko ƙaiƙayi, nace a'a lafiya lau. Ita ma ƙarya ce. Na san in na faɗi gaskiya zai ce in jira, tikitinmu kuma an riga an saka rana, ga kuɗin masauki na tafiya, ga tsohuwa tana son komawa gida. Har yau wani lokaci ina ce wa kaina da ya min bayanin dalilin tambayar da ban ɓoye ba, tambayar ta zo ne a gurguje ta bakin tafinta, layi kuma ya cika a waje. Amma kuma na yi boko, takardar da aka ba ni na sa hannu akwai Turanci a jiki, ni ce ban karanta ba. Na ga ana jira sai na sa hannu kawai.

Dalilin tambayar sai daga baya na fahimta. Leza ɗin tantanin gaban ido take sassaƙawa, wannan mai haske da ya rufe baƙin ido, koniya, kaurinsa ɗan sama da rabin milimita ne kawai, wajen maikiron 540 a yawancin mutane. Kafin aiki na'ura na ɗaukar taswirarsa, lezar kuma wannan awon take bi. Kontak yana danne tantanin ya ɗan sauya masa siffa, shi ya sa ake cewa mai laushi a cire shi kamar sati biyu kafin gwaji, mai tauri kuwa sati uku zuwa huɗu ko fiye. Kenan ni na kai musu idon da bai koma daidai ba suka auna, suka yi aiki a kan wannan awon.

Ranar aikin an ce kar in sa turare, kar in shafa mai, ba kwalli ba hoda, wannan kam na bi. Aka ɗiga min maganin kashe zafi, aka kwantar da ni, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon yadda ba zan iya ƙiftawa ba. Sai aka ɗora wani zobe ya matse idon, ba zafi amma akwai nauyi, kawai sai gani ya ɗauke, duhu na wasu daƙiƙu. Ba wanda ya gaya min haka zai faru, salati kawai nake a zuci ina cewa shikenan na makantar da kaina a ƙasar mutane. Ganin ya dawo dishi-dishi, na ji likita ya ɗaga wani siririn murfi daga saman idon, yace in kalli hasken da ke ƙyaftawa kar in motsa. Na'urar ta fara tas-tas-tas, ga wani ƙauri kamar ana babbakar kan rago ranar sallah. Bai kai minti ɗaya ba aka mayar da murfin aka shafe shi, aka koma ɗayan. Bayan maganin ya saki kuwa hawaye da raɗaɗi na sa'o'i, na kwanta da robar kariya a ido na samu barci ya ɗauke ni.

Da asuba na buɗe ido na ga agogon bango, na ga lambobinsa, na leƙa taga na karanta allon wani shago a tsallaken titi. Na yi kuka sosai. Wannan ba zan ɓoye muku ba don in tsorata ku, daɗin ranar gaskiya ne, kuma yawancin waɗanda aka yi wa aikin nan suna jin daɗinsa, ni kaina da rana har gobe ina yawo ba gilas.

Ɓarnar da na ƙara yi bayan aikin ce ta fi ci min rai. Na je dubawar washegari aka ce komai yayi, aka ce in dawo bayan sati, in sake dawowa bayan wata. Ina! Muna jirgi. Na sauka Kano cikin hazo, iska busasshiya, ga bikin 'yar ƙanwar Hajiya ya taso, an ce kar in sa kwalliya a ido na ɗan lokaci amma nace ai wannan ne karon farko da za a ganni ba gilas, na zizara kwalli, aka min kwalliya, na zauna cikin hayaƙin turaren wuta. Da hawayen roba, wato ɗigon jiƙa ido da aka ba ni, ya ƙare ban nemi irinsa ba, na aika kemis aka kawo min wanda ke sa ido fari, da naga bai yi ba mai kemis ya ba da wani yace wannan ya fi ƙarfi. Ya yi min daɗi kuwa, na yi ta ɗigawa wata da watanni. Ashe mai sitiroyid ne, maganin kumburi da kan iya sa ƙarfin cikin ido ya hau in an daɗe ana ɗigawa. Sai da na gaji na je asibitin ido aka auna aka ga ƙarfin cikin idon ya hau, likitan ya karɓi kwalbar ya juya ta ya kalle ni yace "Hajiya wa ya rubuta miki wannan?" Ya nemi takardun aikina, awon da aka yi kafin leza. Ko ɗaya ban karɓo ba, rasit kawai gare ni.

Allah ya taimake ni aka tare wannan da wuri. Amma bushewar ta zauna. Wajen yanka murfin nan ana katse ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido cewa ya bushe, galibi suna farfaɗowa cikin watanni, ni da na shiga da busasshen ido na ɓoye, nawa bai gama dawowa ba, duk jakar da na ɗauka akwai kwalbar ɗigo a ciki. Da dare kuma fitilar mota sai ta tarwatse min ta yi zobe, idon hagu ya fi, na daina tuƙi bayan magariba sai da aka yanka min wani ƙaramin gilashi na dare. Yanzu da na haura 40 ga na karatu ya zo, wannan kam ba laifin kowa bane, ƙwayar cikin ido ce ke taurara da shekaru kuma leza bata taɓa ta ba, amma ni a lokacin na ɗauka na rabu da gilashi har abada. Da na yi abin a nutse ƙila da duk da haka na samu wani abu daga ciki, akwai waɗanda suka bi duk ƙa'ida kuma suka samu bushewar. Haka nake lallashin kaina. Sai in tuna tambaya biyu aka min na amsa da ƙarya.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na san ku, 'yan yanzu in abu ya wuce bidiyon minti ɗaya kun wuce, mutum zai yi sati yana binciken wayar da zai saya amma idonsa sai ya miƙa wa wanda ya fi iya talla.

In lambar gilashinka bata tsaya wuri ɗaya ba aƙalla shekara guda, ka manta da zancen. Ana cewa daga shekara 18, amma da yawa lambarsu na ci gaba da motsi har farkon shekaru ashirin, a gyara maka yau ido ya ci gaba da tafiyarsa. In kuma kai mai yawan murza ido ne, irin jan idon nan mai ƙaiƙayi da ya yi yawa a yaranmu, dole a ɗauki taswirar tantanin a auna kaurinsa, don akwai ciwon da ke sa shi ya yi siriri ya turo gaba, keratokonus, mai shi in aka masa LASIK ana iya lalata masa gani yadda gilashi ma ba zai gyara ba. Ka fara zuwa asibitin ido na gaske a maka cikakken gwaji har a ɗiga magani ya buɗe ƙwayar idon a duba can baya, Kaduna akwai National Eye Centre, Kano akwai asibitin ido na ECWA da wasu, ka ji ra'ayin likitan da ba shi zai karɓi kuɗin aikin ba. Wurin da duk wanda ya shigo ake ce masa ya dace, ka tashi ka fita. Kuma ba LASIK kaɗai bane, akwai PRK wanda ba a yanka murfi, ya fi zafi na kwanaki kuma gani na daɗewa kafin ya washe amma wani idon shi ya fi dacewa da shi, akwai SMILE wanda ake yi ta ɗan ƙaramin yanka ba tare da ɗaga murfi ba, wani idon kuma ba ko ɗaya da ya dace da shi.

Kar ku yi wa likita ƙarya. Kontak, bushewa, ciwon suga, maganin ƙurajen fuska da kike sha, ciki, shayarwa, duk ku faɗa ko ba a tambaya ba.

Ku 'yan mata, kar ranar biki ta zaɓa muku ranar aiki. Da farko cewa na yi a bari sai bayan biki, sai kuma na tuna ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa don lambar ido na iya sauyawa a lokacin, mu kuwa an san yadda abin yake, daga wannan sai wannan, shekaru su tafi. Toh in za a yi a yi tun da sauran watanni da yawa, da damina in da hali, ba a bakin hunturu ba. Ko kuma kawai a bar shi. Gilashi ba ciwo bane, amare nawa suka sa kuma suka yi kyau, ni dai da za a mayar da ni baya... gaskiya da zan sake yi, amma ba yadda na yi ba. Kun ga ni kaina ban gama tsayawa a magana ɗaya ba.

Maganar waje kuma bance kar a je Masar ko Indiya ba, akwai ƙwararru sosai a can. Amma in ba za ka iya zama a duba ka bayan sati ba, kuma baka shirya da wani likita a gida da zai ci gaba da bibiya ba, kar ka fara. Satin farko ba murza ido, ba watsa ruwa a ciki, ka tambayi likita da malami yadda za ka yi da alwala tun kafin ranar, ba kwalli, ba ɗigon da likita bai rubuta ba ko da mai kemis ɗin ɗan'uwanka ne.

Sannan ku karɓo takardunku. Lambar gilashinku ta da, taswirar, kaurin tantanin kafin aiki da bayansa, sunan aikin da aka yi. Bayan leza awon ƙarfin cikin ido yakan nuna ƙasa da yadda yake, hawan jinin ido kuma yana da yawa a cikinmu kuma baya sallama, dole duk likitan da zai duba ku ya san an taɓa idon. Wanda lambarsa ke da girma irin tawa idonsa dogo ne tun asali, haɗarin tantanin gani na can bayan ido ya ɓalle yana nan ko an cire gilas, in ka fara ganin walƙiya ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru farat ɗaya asibiti ne a ranar. In tsufa ya zo da yanar ido ma waɗannan lambobin na taimaka wa likita wajen lissafin ƙwayar robar da zai saka. Komai kuna ɗauka a waya, har abincin da za ku ci, dan Allah ku ɗauki hoton takardun nan ku tura wa kanku ta imel ku kuma ba wani a gida kwafi ya ajiye.