Karo na huɗu ina liƙa wa jirgin nan hanci

Jiya da daddare matata ta leƙo ta same ni na ɗora ɗan jirgin saman da na haɗa a kan yatsu biyu na zuba masa ido, ta ce "Malam, wai har yanzu wannan jirgin ne dai?" Na ce shi ne. Ta girgiza kai ta wuce abinta. Ban ga laifinta ba wallahi, karo na huɗu kenan ina liƙa masa hanci, gam ɗin da ke jikinsa ya kusa fin katakon yawa.

Abin nan ya shiga raina tun ina ɗan shekara tara, da na ji ƙarar jirgi ko me nake yi sai na watsar na fito ina ɗaga kai har wuya ya ƙage. Burina in zama matuƙi, sai gwajin ido ya nuna ba na bambance ja da kore sosai, kuma a harkar jirgi wannan ba wasa ba ne, fitilar fiffiken hagu ja ce ta dama koriya, da su ake gane inda jirgi ya dosa cikin dare. Na yi kukana na share hawaye. Amma ƙananan babu wanda ya hana ni su.

Na farko da na haɗa da kwali ne da roba, farfelar kuma na yanko ta daga gwangwani, ta yanke ni a babban yatsa har yau tabon na nan. Na murɗa robar na sake shi, ya ɗaga hanci sama kamar abin arziki, ya ɗan tsaya cak a iska, sai ya rikito. Na yi ta ƙara murɗa roba ina zaton ƙarfi ne bai isa ba, ashe nauyi ne ya koma baya. Sai bayan shekaru na gane abin da nake yi jiya da yatsu biyun nan: ka sa yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin gaba, in jirgin ya zauna daidai ko hancin ya ɗan sunkuya to madalla, in wutsiya ce ta yi ƙasa kar ma ka fita da shi. 'Yan harkar suna cewa mai nauyin hanci zai tashi da ƙyar, mai nauyin wutsiya kuwa sau ɗaya yake tashi. Ƙusa biyu a hanci da sun ceci jirgin kwalina.

Masu ce min wasan yara nake yi, da ina jin haushi, yanzu labari kawai nake ba su. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ɗan jirgi mai roba a birnin Faris, ya yi kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa yaransa abin wasa mai farfela da aka yi bisa tsarin Pénaud ɗin nan, da gora da takarda da roba, suka yi ta wasa da shi har ya lalace suka ƙera nasu. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke, da suka tashi jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903, tashin farko daƙiƙa 12 kacal. To daƙiƙa 12 ai ko jirgina mai liƙaƙƙen hanci yana yi.

Da na koma masu rimot nan na san ban iya komai ba. In jirgi yana tafiya ya ba ka baya komai lafiya, damanka damansa. Da ya juyo ya fuskance ka sai komai ya birkice, ka ga yana karkata ka tura sandar rimot ɗin don ka gyara ashe ƙara kifar da shi kake, kafin ƙwaƙwalwa ta gane hannu ya gama ɓarna, sai dai ka ji tim, ka tafi da leda kana tsintar aikin wata biyu a cikin ciyawa, batir can, farfela can. Wani dattijo da muke tashi tare ne ya ce min in ya nufo ka, tura sandar ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa, kamar kana tokare shi. Tun ranar ban sake kifar da jirgi ta wannan hanyar ba, ta wasu hanyoyin dai ban fasa ba.

Mutumin da nake tunawa duk sanda na gaji shi ne Maynard Hill. A watan Agusta 2003, yana da shekara 77, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ɗan jirgi mai nauyin kilo 5 da ya ƙera da balsa, wani katako mara nauyi, ya tashi daga Newfoundland a Kanada ya tsallake tekun Atlantika ya sauka a Ayaland, sama da kilomita 3,000, kusan awa 39 a iska. Kuma wannan ne na biyar, na baya ba su kai ba. Ni nawa in ya faɗi aƙalla ina samun abin tsinta, shi teku ce ke haɗiye masa.

Gam ɗin ya bushe da safen nan. Na sake ɗora shi a yatsu, hancin ya yi nauyi fiye da da, dole na ja batir baya kaɗan na ɗaure da roba. Yanzu batir na caji, ni kuma sai leƙa taga nake ina duba ganyen bishiya, in iskar nan ta lafa zuwa yamma zan fita da shi. Ledar ma na riga na sa ta a aljihu.