Tura waƙa: sana'ar da hira ke riƙe da ita

Sana'ata tura waƙa ce. Ina da ɗan shago a bakin wata tasha a Kano, da kwamfuta, da yara biyu masu taya ni aiki, da dogon benci a ƙofa. Mutum ya kawo waya ko memori ko filashi, ya faɗi abin da yake so, mu zuba masa, ya biya ya kama gabansa. A ido aikin bai wuce haka ba, shi ya sa wasu ke ɗauka duk wanda ya mallaki kwamfuta ya iya. Amma waƙoƙin da ke wurina akwai irinsu a wurin masu tura waƙa da yawa a garin nan. Abin da ya bambanta shago da shago shi ne mutanen da ke zama a bencinsa, da abin da suke gaya wa juna suna saurare.

Da kaset na fara, ina yaron shago, lokacin da duk mai harkar kaset a Kano hanyarsa ba ta wuce kasuwar Ƙofar Wambai. A wancan zamani mai saye sai ya ce a ɗana masa, a sa kaset a rediyo, ya ji baiti biyu uku kafin ya ciro kuɗi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma ba ta taɓa mu nan take ba, don wayoyin farko kira da saƙon tes kawai suka iya. Faifan CD ne ya fara ture kaset. Bayansa aka samu wayoyi masu cin memori da Bluetooth, sai saurayi ya iya tura wa abokinsa waƙa suna tsaye a bakin titi. Daga nan kasuwar faifai ta fara mutuwa a hankali, masu wayo a cikinmu suka sayi kwamfuta. Yanzu kayan aikina, memori da kebul da filashi, daga kasuwar waya ta Farm Centre nake saro su.

Ba kowa ne ke zuwa da sunan waƙa a bakinsa ba. Mafi yawa cewa suke, "Malam, me ake yayi?" Wani kuma ya rera mini ɗan guntun amshi da ya ji a cikin adaidaita sahu, ya ce in nemo masa. Idan ban gane ba, sai in juya wajen benci. Da wuya a rasa wanda zai ce ai ta wane ce, kuma akwai wata da ta fi ta daɗi, a haɗa masa da ita. Haka mutum zai zo don waƙa ɗaya ya tafi da ashirin, ba don na tallata masa ba, sai don wani ɗan uwansa mai sauraro ya yi masa rantsuwa cewa ba zai yi da-na-sani ba.

Kowane rukuni da kunnensa. Direbobin manyan motoci masu zuwa Legas da Fatakwal dogon abu suke so, wanda zai raka su dare ba tare da sun taɓa rediyo ba. Su ne manyan masu sayen Mamman Shata. Kalangunsa ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi, kuma waƙarsa labari ce, da garuruwa da mutane a ciki, direba yana tafe yana jin an ambaci garin da ya wuce ɗazu. 'Yan adaidaita sahu sabon abu suke bi, mai kiɗan fiyano da bugu mai ƙarfi, saboda sifikar da suka ɗaura a bayan kujera. Masu shayi da teloli da masu aski sun fi son haɗin gambiza, don duk wanda ya shigo ya samu nasa. Matan aure kuwa ba su cika zuwa da kansu ba. Yaro suke aikowa da waya da 'yar takarda, an jero sunaye da biro. A takardun nan nake ganin abin da ake saurare a cikin gidaje: waƙoƙin soyayya na fim, waƙoƙin biki, na Indiya tsofaffi, sannan kusan kullum akwai Barmani Choge. Ta rasu tun 2013, amma kiɗan ƙwaryarta bai bar tsakar gida ba, kuma 'yan matan da ba su taɓa ganin ta ba suna nemanta idan biki ya matso.

Musun da ya fi daɗewa a bencina shi ne na tsoho da sabo. Akwai dattijo mai gyaran rediyo da ke zama da mu bayan la'asar. Shi a wurinsa waƙa ta ƙare a kan makaɗan fada, Narambaɗa da kotsonsa, da Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. Hujjarsa ita ce waɗannan mutane da baki suke tsara waƙa a gaban sarki, 'yan amshi na karɓa, ba na'urar da ke gyara murya. Samarin kuma su ce, "Baba, ku ma a zamaninku iyayenku ba su yarda da kiɗan garaya da kukuma ba." Ni ina tsakiya, kuma ina da nawa ra'ayi. Baba yana da gaskiya a kan Hausa. Idan ka saurari tsofaffin nan za ka ji kalmomi da karin magana da kirari da yanzu sai a littafi. Amma bai yi wa yaran adalci ba. A cikin mawaƙan situdiyo akwai masu zama su auna baiti, su kiyaye amsa-amo, kuma suna faɗin abin da ke damun saurayin da ke neman aure babu aikin yi, abin da makaɗin fada bai taɓa waƙa a kai ba. Abin da ke faranta mini rai shi ne musun ba ya ƙarewa a baki. Na sha ganin yaron da ya gama gardama da Baba ya dawo a asirce ya ce in sa masa Ɗanmaraya Jos, yana son jin yadda mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake cika wuri. Baba kuma akwai wata waƙar zamani a kan uwa da ya sa na zuba masa, ya ce wannan yaron ya san abin da yake yi.

Kasuwarmu da kalanda take tafiya. A Rajab da Sha'aban bukukuwa ke yawa, ana rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, sai waƙoƙin amarya da ango su cika oda. Da an ga watan Ramadan sai kiɗa ya ja baya, a koma karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi. Mutum ya kawo memorinsa ya ce a kwashe waƙoƙin a ajiye masa sai bayan salla. A Rabi'ul Awwal bege da ƙasidu ne, na mandiri da na fiyano. Idan zaɓe ya ƙarato, waƙar siyasa sai ta fito da safe a neme ta da rana, kuma wata uku bayan zaɓe ba mai tambayarta. Da kaka 'yan ci-rani ke cika mini shago kafin su hau mota. Su waƙoƙin gida suke so, na noma da na dambe irin na Ɗan Anace, da gurmin Haruna Uji, abin da za su kunna a ƙaramar waya a ɗakin haya a kudu su ji kamar suna ƙauyensu.

Ainihin wahalar aikin kuwa ba a ganin ta daga waje. Waƙa takan zo mana babu suna, sai lamba, ko da sunan wani mawaƙin da ba shi ya yi ta ba, saboda ta bi ta wayoyi da yawa kowa yana rubuta abin da ya ga dama. Dole in zauna in saurara, in tantance murya, in gyara suna, in sa ta a foldar da ta dace. Idan na yi shakka, musamman a tsofaffi, sai in kunna wa dattawan benci su raba gardama. Na ɗauki wannan da muhimmanci, don ɗora wa mawaƙi waƙar da ba tasa ba zalunci ne ga su biyun. Sai kuma sanin waya. Ƙaramar waya mai madannai ba kowane bidiyo take buɗewa ba, sai an rage masa nauyi. Rediyon wata motar ba ya karanta filashi sai an yi masa fomatin irin wanda ya sani. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci takan ci kusan megabait ɗaya a minti, don haka memori mai giga 4 zai ɗauki sauraron sama da awa 60, idan na gaske ne. Matsalar ke nan: jabun memori sun yi yawa. A jikinsa an rubuta giga 32, ka zuba kaya ya nuna sun shiga, mutum ya je gida ya tarar rabi ba sa buɗewa, ya dawo yana ganin laifinka. Shi ya sa nake gwada kowane memori a gaban mai shi kafin in taɓa. Ga bairos da ke biyo filashin mutane. Ga amana: wayar mutum akwai hotunan iyalinsa a ciki, kuma dokar farko da nake kafa wa duk yaron da zai zauna a kwamfutata ita ce ba ya buɗe abin da ba a sa shi ba.

Kasancewar shagon a bakin tasha ya buɗe mini kunne. Fatake da direbobi masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram suna zuwa da nasu a waya, mu yi musaya. A wurinsu na fara jin kiɗan jita na Buzayen Agadas, wanda da farko ban gane masa ba, yanzu kuwa ina da folda guda tasa. Ɗaya daga cikin mawaƙan nan, Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan fim ɗinmu ke amfani da ita. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har Mali, kafin wani Ba'amurke mai tattara kiɗan yankin ya ji su ya nemo shi, yau ga shi yana wasa a Turai da Amurka. Hanyar da ta kai shi can ita ce dai wannan tamu, wani ya ji ya ce wa wani saurari wannan. Akwai kuma dattawa masu neman waƙoƙin Sudan, waɗanda suka saba da su tun suna samari, wasunsu iyayensu sun bi ta can a hanyar Makka.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, ta haƙƙin mawaƙi. Mutum ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, waƙa ta fito ta zaga ƙasar Hausa, shi bai ga ko sisi daga memorin da aka zuba ta ba. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Nijeriya a 2023, kuma a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da ke sa ido a kan harkarmu. Ni dai abin da na tsayar wa kaina shi ne, duk abin da mai shi ya fitar don sayarwa, ta hanyarsa nake karɓa in biya, ba na satar sa. Ƙananan mawaƙa kuma da ƙafarsu suke zuwa su roƙi in riƙa haɗa wa mutane waƙarsu kyauta, domin abincinsu yana wurin biki da taro, kuma ba mai gayyatar wanda bai taɓa ji ba. Tsofaffin makaɗa ne lamarinsu ke ci mini rai. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, muryoyinsu na ciyar da irina, iyalansu kuwa babu wata hanya tsayayya da rabonsu zai kai gare su. Da za a kafa tsari mai gaskiya na tara musu wani abu daga kowane shago, da ni za a fara.

Ciniki ya ragu, wannan ba ɓoyayye ba ne. Mai babbar waya yana da YouTube da Audiomack da TikTok, kuma abokinsa zai tura masa ta Xender ko WhatsApp ba ko kwabo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kunna janareta ya zama lissafi, sai da na haɗa kuɗi na sa sola. Waɗanda suka rage mini su ne masu ƙananan wayoyi, da mutanen karkara inda sabis ba ya kai wa, da wanda ya lissafa ya ga kuɗin data ya fi kuɗin turawa. Sai kuma masu manyan wayoyin da ke zuwa duk da haka, su sayi ruwa su zauna, saboda TikTok daƙiƙa talatin na waƙa yake ba su, a benci kuwa za a gaya musu wanda ya yi ta, da wanda aka yi wa, da abin da ya haɗa su.

Aikin da na fi so yanzu shi ne juyar kaset. Mutane na kawo buhunan kasusuwan da iyayensu suka bari, wasu an naɗe su daga rediyon Kaduna, wasu a wurin biki ko filin dambe aka ɗauka, babu su a intanet ko kaɗan. Nakan goge kan rediyo da auduga da sifirit, in juya zaren da biro ya saki, inda ya tsinke in liƙe da siririn salatif, sannan in jona kebul zuwa kwamfuta. Ba a gaggauta shi: kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90, kana zaune kana saurare. Wanda zafi ya narkar ko damina ta sa wa fumfuna sau da yawa ba ya tashi. Don haka duk mai irin wannan ajiya a gida, ya cire ta daga saman rufin kwano da bakin taga, ya raba ta da sifika saboda maganaɗisu, kuma kada ya gwada kunna ta a tsohon rediyon da ya daɗe a ajiye, don zai iya cinye zaren. Ya kai wa mai juyawa a garinsu, ya tafi da wani dattijo da zai iya gane muryoyin, a rubuta sunan mawaƙi da wurin da aka ɗauka tun ana tunawa.