Idan injin mota ya mutu ana tsaka da tafiya

Duk lokacin da aka ce injin motar wani ya buga, ko ya mutu masa a hanya, tambayar da aka fi yi ita ce nawa gyaran zai ci, da kuma ko za a samu wani injin a musanya. Ni kuwa na daɗe da daina kallon wannan matsala a matsayin maganar aljihu, musamman idan motar ta gida ce, wadda ake kai yara makaranta da ita, ake ɗaukar tsofaffi zuwa asibiti, ake loda mata kaya a yi doguwar tafiya. Abin da ya fi damuna shi ne ɗan taƙaitaccen lokacin da ke tsakanin mutuwar injin da tsayawar motar, domin a cikinsa ne ake rasa rayuka, kuma direbobi da yawa sun shekara suna tuƙi ba tare da wani ya taɓa gaya musu yadda mota take komawa a wannan lokaci ba.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan direba ya ɓata sakan uku yana mamakin abin da ya sa totur ya daina amsawa, ya riga ya wuce mita 80 ba tare da ya yanke shawarar komai ba, kuma motocin da ke bayansa ba su ga wata alama ba, tunda bai taka birki ba balle jajayen fitilun baya su kama. Ga shi kuma inji ba tura mota kaɗai yake yi ba. A yawancin motocin fetur, laushin da ake ji a birki taimako ne da ke zuwa daga zuƙar iskar da inji ke yi yayin da yake aiki, kuma da zarar ya tsaya, abin da ya rage na wannan taimako ba ya wuce taku ɗaya ko biyu, daga nan sai birkin ya yi tauri. Haka ma sitiyari: a motocin da famfon mai ke sauƙaƙa shi, bel ne daga inji yake juya famfon, don haka sitiyarin zai yi nauyi nan take, kuma nauyin yana ƙaruwa yayin da gudu ke raguwa. Sababbin motoci masu sitiyarin lantarki sukan fi dama a nan, amma su ma ba abin dogaro ba ne idan matsalar daga wuta ta taso.

Abin da nake so kowane direba ya riƙe shi ne cewa birkin bai lalace ba, sitiyarin ma bai lalace ba, ƙarfi kawai suke nema fiye da yadda aka saba. Mutum zai iya tabbatar wa kansa wannan ba tare da motar ta motsa ba. A ajiye ta a wuri mai faɗi, a ja birkin hannu, a kashe inji, sannan a taka birki a saki, a sake takawa. A karo na farko ƙafa za ta nutse kamar kullum, a na biyu za ta tsaya a sama kaɗan, kafin a kai na huɗu kuwa za a ji kamar dutse ake takawa. Wanda ya taɓa jin wannan tauri a ƙafarsa cikin kwanciyar hankali ba zai ɗauka birki ya tsinke ba ranar da ya gamu da shi a kan babbar hanya. Ina ganin ya kamata duk wanda ke tuƙa motar gida, miji ne ko mata ko babban ɗa, ya gwada wannan ko da sau ɗaya.

Daga nan abin yi a fili yake. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa, a duba madubi, a yi amfani da sauran gudun da ya rage wajen gangarawa gefen hanya, domin wannan gudun shi kaɗai ne jarin da direba ke da shi, kuma wanda ya kashe shi da birkin firgita zai tsinci kansa tsaye a tsakiyar titi. Idan lokacin taka birki ya yi, a taka sau ɗaya a danne, kada a riƙa takawa ana saki, saboda kowane saki yana cinye ɗan taimakon da ya rage. Kada a murɗa makulli baya gaba ɗaya ko a zare shi, domin a motoci da yawa hakan yana kulle sitiyari. Mai mota otomatik zai iya mayar da giya firi ya gwada tayar da injin sau ɗaya idan hanya ta ba shi sarari, mai giyar hannu kuma ya sani cewa idan injin ya cije ne, wato ƙarafansa suka kame, tayoyin da yake ja za su iya tsayawa cak motar ta zame, kuma taka kuloci ne zai raba su da injin. Bayan an tsaya, a fitar da kowa ta ƙofar da ba ta kallon titi, a nisanta yara daga motar, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a can baya inda mai tahowa zai gan ta da wuri. Zama a cikin motar da ta mutu a bakin babbar hanya, musamman da dare, haɗari ne mai zaman kansa.

Wuraren da abin ya fi muni su ne inda direba ya dogara da ƙarfin inji don ya fita daga gaban wani: lokacin da ya fito zai wuce babbar mota, ko yana tsallaka mahaɗar hanya, ko yana kan layin dogo, ko kuma a doguwar gangara. A irin waɗannan wurare gwanintar tuƙi ba ta cika wadatarwa ba, shi ya sa maganar dalilan mutuwar inji take da nauyi.

Wasu dalilan daga mai motar suke, kuma sanannu ne. Baƙin mai ya ƙare ko ya daɗe har ya yi kauri, ruwan lagireto ya zube inji ya ɗauki zafi, altaneta ta daina caji har wutar batir ta ƙare ƙaf, ko bel ɗin taimin ya wuce wa'adin da littafin motar ya ɗiba masa ya tsinke, wanda a injuna da yawa yake sa fistin ya daki bawul. Jar fitilar baƙin mai idan ta kama ana tafiya, ba tana cewa a ƙara mai idan an isa gida ba ne, tana cewa mai ba ya kaiwa ga ƙarafan da ke gugar juna, kuma mintuna kaɗan sun isa su kashe injin. Na taɓa tsayawa kusa da wani bakanike yana juye man wata mota da ta fara ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Ya karkata kwanon zuwa hasken rana, sai ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a cikin man, ya murza kaɗan tsakanin yatsunsa ya ce wa mai motar: "Wannan injin ya fara cin kansa, kada ka ɗauki iyali a ciki." Mai motar ya ce ai tana tashi lafiya kuma tana ja. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ce take yaudarar mutane.

Sai dai zalunci ne a ɗora wa masu mota dukkan laifin, domin akwai mutanen da suka kula da motocinsu yadda ya kamata, amma suka mutu saboda aibin da aka ƙero motar da shi. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kamfanin General Motors. A shekarar 2014 kamfanin ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, wato ya nemi masu su su dawo da su a gyara, cikinsu har da Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, saboda gidan makullinsu ba ya riƙe makulli da ƙarfi. Nauyin tarin makullai, ko faɗawa rami, ko gwiwar direba ta taɓa shi, sun isa su juya makullin baya inji ya mutu ana cikin gudu. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne cewa juyawar makullin tana hana jakar iska buɗewa, wato aibi ɗaya ne yake jawo haɗarin kuma yake ɗauke kariyar da aka tanada dominsa. Asusun diyya da kamfanin ya kafa ƙarƙashin lauya Kenneth Feinberg ya amince da mutuwar mutum 124 da raunata 275. Bincike ya nuna cewa injiniyoyi a cikin kamfanin sun san da matsalar kusan shekara goma kafin janyewar, an ma sauya ƙirar ɓangaren a 2006 ba tare da an sauya lambarsa ba, kuma na dogon lokaci an ɗauki mutuwar inji a matsayin abin da ke ɓata wa mai saye rai kawai, ba abin da ke barazana ga ransa ba. A 2015 kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900. Wannan kuskuren fahimta, na raba mutuwar inji da maganar rai, shi ne dai wanda nake ji a bakin masu motoci har gobe.

Kamfanonin Hyundai da Kia ma sun sha fama da injinsu mai suna Theta II. A 2015 Hyundai ta janye motocin Sonata kimanin 470,000 ƙirar 2011 da 2012, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari tun a masana'anta yana toshe hanyar baƙin mai, har inji ya cije. Wani injiniyan kamfanin, Kim Gwang-ho, ya tafi Amurka a 2016 ya shaida wa hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar, NHTSA, cewa matsalar ta fi abin da aka bayyana faɗi. A 2017 aka janye ƙarin motoci sama da miliyan ɗaya, a 2020 aka ɗora wa kamfanonin biyu hukuncin da ya kai dala miliyan 210 saboda jinkiri, a 2021 kuma hukumar ta ba injiniyan ladan dala miliyan 24. Ko kamfanonin da aka sani da ƙarko ba su tsira ba: daga 2020 Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda famfon fetur na kamfanin Denso wanda farfelarsa ke kumbura ta tsaya, sannan a ƙarshen 2023 Honda ta janye kimanin miliyan 2.5 a Amurka kan matsalar famfon fetur ita ma.

A nan akwai wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Takardar janyewa tana zuwa ne ga wanda sunansa ke kan rajistar motar a ƙasar da aka fara sayar da ita. Motar da ta sauya hannu sau biyu ko uku, ko aka ɗora ta a jirgin ruwa aka kai ta wata ƙasa, takan tafi da aibinta, kuma sau da yawa sabon mai ita ba ya samun wannan takarda. Iyalai da yawa a duniya motar hannu suke iya saya, saboda haka su ne suka fi zama cikin wannan duhu. Amma akwai hanyar dubawa. Kowace mota tana da lambarta ta musamman, a yawancin motoci mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofa, kuma idan motar ta fito daga Amurka ne, shafin intanet na NHTSA yana nuna kyauta ko akwai gyaran janyewa da ba a yi mata ba. Manyan kamfanonin mota da dama su ma suna da irin wannan wurin dubawa a shafukansu. A ganina duba wannan lamba ya fi duba fenti da kujeru muhimmanci a ranar sayen mota.

Motar da na fi jin tsoro ita ce wadda ta mutu sau ɗaya a hanya, aka murɗa makulli ta tashi, aka ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Famfon fetur da ya fara gajiya yakan yi haka, na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota yadda inji ke juyawa ita ma takan ɗauke idan ta yi zafi ta dawo idan ta huce, haka kuma wayar batir da ta saki. Irin wannan matsala tana da wuyar kamawa, domin idan an kai motar gareji sai ta yi lafiya ƙalau, bakanike ya ɗaga kafaɗa, mai mota kuma ya ji daɗi bai kashe kuɗi ba. Abin da ya dace shi ne a lura da yanayin da ta mutu a ciki, ko inji ya yi zafi ne, ko tanki ya kusa ƙarewa, ko an faɗa rami, da fitilar da ta kama a gaban direba, sannan a kai ta inda za a jona mata kwamfuta a karanta abin da ta adana, tun kafin wani ya cire kan batir ya goge shi. Har sai an gano dalilin an gyara, bai kamata motar ta hau babbar hanya da yara a kujerar baya ba.