Wasiƙa zuwa direbobi da ƴan garejin Damagaram, daga hamadar Ostareliya

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram, na Birni da Zango da Sabon Gari, da iyayen gidana na gareji da ƙannena karnukan mota. Ina gajiya, ina ɗari? Ku kuna hunturu mu nan tsakiyar bazara muke, haka ƙasar take, Disamba da Janairu su ne watannin zafi.

Ina aikin kuran na mota a wani gareji a Alis Sifirins, gari ne da ke tsakiyar Ostareliya a kan babbar hanyar Situwat, wadda ta tashi daga Fot Ogasta a kudu har Dawin a arewa, wajen kilomita 2,700, kamar ka yi Damagaram zuwa Yamai sau uku. Mafi yawan abin da ke shigo mana motocin gida ne, irin waɗanda Faransawa ke ce ma kampinka, mota ce da gado da murhu da firigo da tankin ruwa a ciki, tsofaffi masu ritaya da baƙi ƴan yawon buɗe ido su ke shiga daji da ita wata da watanni. Kuma wallahi kullum in na shiga ƙarƙashin ɗaya sai na tuna motocinmu na hanyar Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, don ciwon iri ɗaya ne.

Ita babbar hanyar kwalta ce mai kyau, abin tsoro a kanta tsawo ne da gyangyaɗi, da manyan motoci masu jan tirela uku da ke haura mita 50, da kangaru da shanu da raƙuma da ke fitowa da magariba (e, raƙuma, sun cika daji nan ba mai su). To amma da ka sauka daga kwalta ka hau burji, kamar hanyar Udnadata mai kilomita 600 da wani abu, garin da a 1960 zafi ya kai digiri 50.7, nan ne ake gane mota. Gargada ce jere reras irin ta kwanon rufi, sa'o'i kana tafiya komai na motar yana rawa, ga jar ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina.

Abin da nake so ku ji shi ne wannan girgizar ita ke kashe kuran, ba kasafai babban ƙarfe ke mutuwa ba. Mutum zai zo hankali tashe yana cewa dinamo, mai cajin batir, ya ƙone ko batir ya mutu, a auna a ga lafiyarsu lau, ashe kan batir ne ya saki, ko wayar mas wadda ke haɗa batir da shasi ta yi tsatsa ko notinta ya kwance, ko wata waya ta yi ta gogar ƙarfe har rigarta ta cinye. Wayar mas ɗin nan ita ce aka fi mantawa da ita, kuma in ta lalace alamunta na rikita mutum, fitila ta dushe in ka taka birki, demarer mai tada inji ya yi ƙas ƙas ya ƙi juyawa, yau ta tashi gobe ta ƙi. Maganinta kile 10 ko 13 da ɗan sanfefa, ka kwance ka goge har ƙarfen ya yi fari ka ɗaure tam.

Shi ya sa nake roƙon ku da Allah ku riƙa aunawa kafin ku sayi kaya. Ɗan miltimetir ƙarami, na'urar auna kuran, ya isa. Batir mai volt 12 in ya huta kuma yana cike zai nuna 12.6 ko 12.7, in ka ga 12.2 to ya kai wajen rabi. Ka tada mota ka sake aunawa, in ya hau tsakanin 13.8 da 14.4 dinamo na caji, in ya tsaya inda yake to duba bel da wayoyin bayan dinamon da fizibil ɗinsa (ɗan abin da ke ƙonewa ya katse kuran in ya yi yawa) tukuna kafin ka yanke masa hukunci. Masu manyan motoci na volt 24 sai ku ninka lissafin. Kuma ka auna a kan dalmar batir ɗin kanta, sannan ka auna a kan ƙarfen da ya kama ta, lokacin da wani ke murza makulli, in lambobin sun bambanta sosai to matsalar tana wurin haɗin.

Motocin gidan nan batir biyu gare su, ɗaya na tada inji ɗaya na gida mai riƙe firigo da fitilu da famfon ruwa, da wata ƴar na'ura a tsakani da ke raba su in an kashe inji don kada firigo ya shanye na tashi cikin dare. Wannan dabara ce da ya kamata masu doguwar hanya a wajenmu su ɗauka, yanzu da kowa ke jona cajin waya goma da rediyo a jikin batir ɗaya. Batir na dalma ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, zafi ma na rage masa kwana. Farantin sola kuwa in ƙura ta rufe shi sai ka ce babu, tsumma da ɗan ruwa kawai yake so.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, fizibil. Na san yadda ake yi a tasha, in ya ƙone a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin taba a wuce. Don Allah ku bari. Galibi fizibil ya ƙone ne don wata waya ta taɓa ƙarfe, ya mutu a madadin motar, in ka toshe wurin to wayar ce za ta yi ja ta kama da wuta, kuma motocinmu ga jarkokin esansi ga mutane ga kaya a sama. Ka sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon, 10 da 10, 15 da 15, in ya sake ƙonewa nan take ka bi wayar da hannu, musamman inda ta ratsa ta cikin ƙarfe ko ta wuce kusa da salansa, za ka samu inda ta goge, ka naɗe da sikoc ka ɗaure ta nesa da wurin.

Dokar daji a nan kowa ya san ta, ka gaya ma wani hanyar da za ka bi da ranar isarka, ka ɗauki ruwa fiye da lissafinka, in mota ta mutu inda ba rezo kada ka bar ta ka taka da ƙafa, don mota ake hangowa kafin mutum. Ku da kuka san Tenere ba sai na faɗa muku ba. Ni dai ƙarin da nake so ku yi, kowace safiya kafin a ɗau hanya yaro ya girgiza kan batir da wayar mas da hannu kamar yadda yake duba ruwa da mai.

A gaida mini iyayen gida duka, Allah ya tsare hanya ya sauke ku lafiya.

Ɗan uwanku, daga Alis Sifirins